Camaro 1969 babu inji: 396 zan saka ko 350?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaina ya kulle. Shekara uku ke nan da na sayi bodin Camaro 1969 a hannun wani abokin aikina da zai bar Amurka, babu inji babu giyabos. Na yi mata fenti har sau biyu don na farkon bai yi min ba, uwargida kuma kullum maganarta motar ta cinye gareji, tata na kwana a waje cikin ƙanƙara. Burina in shiga tseren kwata mil na NHRA, ƙungiyar da ke shirya irin wannan tsere a Amurka, ɓangaren Stock, wato na motocin da ba su yi nisa da yadda kamfani ya ƙera su ba. Na samu mai sayar da injin 396, wani kuma 350 (lambobin girman injin ne). Zuciyata na kan 396. Me kuka gani?

Oga Bature: Wa alaikumussalam. Malam, ka fara gini daga rufi. A Stock ba girman inji ake kallo ba. NHRA na da kundin da ta rubuta wa kowace mota da injinta nauyi da ƙarfin doki, a raba nauyin da dokin, abin da ya fito shi ne ajinka. A ce an rubuta maka doki 300 a ajin laba 10 kan kowane doki, motarka ba za ta gaza laba 3,000 ba, a ɗora 170 na direba. Mai wayo injin da aka raina a takarda yake nema. 396 mai doki 375 kuwa an tatse shi shekara da shekaru, babu sauran ɓoyo. Ɗauki 350 da otomatik.

Ɗan Giya: Wane 350 ɗin ma? A 1969 akwai mai doki 255, akwai mai doki 300. Kuma ba ka faɗi nawa ka ware ba.

Abban Hanifa: Kuɗi da sauƙi. Amma Oga, tun ina yaro ƙarar 396 nake mafarki. Ban yi fenti sau biyu don in saka ƙaramin inji ba.

Oga Bature: Ƙara ba ta cin tsere. Tayar baya ba ta wuce faɗin inci 9 a Stock, ka iya riƙe 396 a kanta? Ka taɓa tsayawa gaban fitilun tashi ma?

Baba Mai Wagon: Ku bar zancen injin da aka raina, ni ya ci. Na zaɓi irinsa, ina zaman zamana wasu masu kuɗi suka dinga zura gudu can ƙasa da lokacin da NHRA ta ƙayyade wa ajin, aka ƙara wa injin doki a takarda, mu duka abin ya shafa. Da hannuna na ɗaure ƙarin nauyi a motata. Har yau abin na ci min rai.

Ɗan Giya: Ni dai duk wanda za ka saya, je da tocila ka karanta lambar da ke jikin top silinda da kafireta. Wani ya sayar min da top, ya rantse na asali ne, ranar da masu bincike suka kwance injin aka ga lambar ba ta shekarar ba ce. A tirela na koma gida. Kuma manuwal ya fi daɗi, kada Oga ya ruɗe ka.

Oga Bature: Sabon shiga da kuloci? Yawancin zagaye kai ke rubuta lokacin da kake sa ran yi a gilashin motarka, ka fi shi sauri an fitar da kai. Motar da ke maimaita lokaci ɗaya ake so. Na faɗa, 350, otomatik.

Abban Hanifa: Na gode ƙwarai. Sai dai na riga na ba mai 396 ɗin kafin alƙalami tun makon jiya, na manta ban faɗa ba. Ɗan Giya, a ina daidai lambar top ɗin take?

Oga Bature: To shawarar me kake nema?