Tumatir ɗina yana mutuwa da ɗanyen ganye, ina neman shawara

Uwargida daga Aboabo

Assalamu alaikum. Ina gaishe da iyaye da 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan da na mayar da ɗan filin bayan gidanmu a nan Kumasi lambu, kuma ban yi nadama ba, domin ayoyo da alayyafo da yakuwa sun karɓi ƙasar, har na manta rabon da in sayi ganyen miyar tuwo a kasuwa. Zogalen da na dasa ya zarce katanga, ga lalle a bakin ƙofa wanda ƙanshin furensa ke cika tsakar gida bayan isha'i.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne tumatir. A watan Afrilu na dasa ƙafa ashirin, suka tashi da kyau, suka yi fure, wasu har sun fara 'ya'ya. Da Yuni ya kama sai na lura cewa da safe shukar tana tsaye garau, amma kafin azahar ganyen ya yi yaushi ya sunkuya kamar an zuba masa ruwan zafi, da yamma kuma ya ɗan farfaɗo. Bayan kwana uku ko huɗu sai ta kwanta gaba ɗaya, alhali ganyen yana nan kore shar. Na ƙara ban ruwa, na fesa maganin ƙwari, duk bai hana ba, yanzu ƙafa shida suka rage. Bara ma attarugu ya mutu mini a wannan kusurwa. Don Allah mene ne wannan, kuma yaya zan yi?

Tsohon malamin aikin gona, Tafo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a lambun. Yadda kika siffanta abin, musamman mutuwa da ɗanyen ganye da kuma attarugun bara, ya sa na fi zargin cutar yaushi da wata ƙwayar bakteriya mai zama a cikin ƙasa ke haddasawa, wadda masana ke kira Ralstonia. Takan shiga ta inda saiwa ta ji rauni, sau da yawa a lokacin dashe ko cire ciyawa, sannan ta hayayyafa a cikin jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa zuwa ganye har ta toshe su. Shi ya sa shukar ke jin ƙishirwa da rana tsaka ko da ƙasa a jiƙe take, kuma ƙarin ruwan da kika yi ya taimaki cutar ne, tun da ruwa ne ke kai ta daga wannan shuka zuwa waccan.

Kada ki tsaya ga zatona, ki gwada da kanki. Ki yanke karan wadda ta fara yaushi kusa da ƙasa, ki duba ko cikinsa ya yi ruwan ƙasa, sannan ki rataya guntun a kofin gilashi mai ruwa garau ba tare da kin motsa shi ba. Idan cikin 'yan mintuna kika ga wani farin abu yana tsiyayowa daga bakin yankan kamar zaren madara, to ita ce.

Gaskiya mai ɗaci ita ce babu maganin feshi da ke warkar da shukar da ta kamu, saboda haka ki riƙe kuɗinki. Ki tumɓuke masu ciwon da saiwarsu da ƙasar da ke manne, ki ƙone su, kada ki jefa su cikin takin gida, kuma ki wanke fartanya da wuƙa kafin ki taɓa sauran. Tumatir da attarugu da tattasai da yalo duk dangi ɗaya ne, cutar kuma tana iya shekaru a ƙasa tana jiransu, don haka wannan kusurwa ki ba masara ita na 'yan shekaru.

Yanayin Kumasi ma yana da nasa hannu. Muna da damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ga ɗumi ga laima, ita kuwa wannan cuta abin da take so ke nan, balle a Aboabo inda ruwa ke kwanciya. Idan gwajin bai nuna komai ba, Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua ba ta da nisa, kuma akwai jami'an aikin gona a kowace gunduma da za ki iya kai wa samfuri.

Mai lambun buhu, Sawaba

Baba Malam ya gama magana, sai dai ina roƙon Hajiya ta duba saiwar ma idan ta tumɓuke. Ni abin da ya same ni daban ne. Shukokina sun tsumbure, ganye ya yi ɗorawa, da na ciro ɗaya sai na ga saiwar cike da ƙulle-ƙulle kamar carbi, ashe wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani. Su ma raunin da suke yi yana buɗe wa cutar da Baba ya ambata ƙofa. Tun daga lokacin nake shuka furen marigol, mai launin ruwan lemo ɗin nan, na cika kunya guda da shi wata biyu zuwa uku kafin in sa kayan miya a wurin, domin saiwarsa tana rage tsutsotsin, ga shi yana ƙawata gida.

Tumatir kuwa na daina sa shi a ƙasa. Buhunan shinkafa nake hudawa a gindi, in cika su da ƙasar da na ɗebo daga inda ba a taɓa noma tumatir ba, in gauraya da kashin kaji da ya ruɓe sosai, in ɗora su a kan bulo don kada ruwan sama mai gudu ya taɓa su. Kashin kaji ɗanye ya taɓa ƙone mini yabanya a mako guda, saboda haka sai ya huce, warinsa ya tafi, nake amfani da shi. Ina zuba iri a ƙarshen Oktoba, shukar ta yi 'ya'ya cikin hunturu, lokacin da iska ta bushe kuma dare ya yi sanyi. Wahalarsa ban ruwa ne safe da yamma ba fashi, don idan buhu ya bushe yau aka cika shi gobe, gindin tumatir ɗin yakan yi baƙi ya ruɓe.

Uwargida daga Aboabo

Na gode ƙwarai, Baba Malam, na gode ƙanena, Allah ya saka da alheri. Yau da hantsi na yi gwajin a gaban jikokina, kuma ba a yi minti biyar ba farin zaren ya fara sauka cikin ruwan, a hankali kamar hayaƙi. Saiwar kuwa sumul take, babu ƙulli ko ɗaya. Na ƙone biyu da suka kamu, na bar huɗun da ke can gefen katanga inda ƙasa ta ɗan yi tudu, ko Allah zai sa su tsira. Maigida ya yi alkawarin kawo buhuna daga kasuwar Kejetia. Baba Malam, saura tambaya ɗaya: ruwan rijiyarmu da ke kusa da wannan kusurwa, zan iya ci gaba da ban ruwa da shi, ko in koma tarar ruwan sama a durom?