Polac ko Kiriminoloji? Ku ba ni shawara kafin a rufe rajista

Ɗan Bariki: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana uku kenan barci ya gagare ni. Ni a barikin 'yan sanda na taso, Baba ya yi ritaya yana sufeto bayan shekara 35 yana aiki, tun ina firamare ni nake goge masa takalmi bayan sallar asuba, in shafa mai in yi ta murzawa da tsumma har sai na ga fuskata a jiki, shi kuma yana zaune a kan benci yana shan koko yana ba ni labarin aikin dare, tun lokacin na sa a raina sai na sa kaki. Bara na zaɓi Polac, wato makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta Wudil, a JAMB, Allah bai yi ba. Bana kuma jami'ar tarayya ta Dutse ta ba ni Kiriminoloji, wato kwas ɗin nazarin laifuka. Shekarata 21, kuma Polac ba ta ɗaukar wanda ya wuce 22, kenan dama ɗaya ta rage min. Inna ta ce in tafi Dutse, Baba ya yi shiru. In tafi ne ko in jira?

Malam Sani: Ƙanena saurare ni da kyau. Polac shekara 5 ce, ranar da ka gama digirinka yana hannu, muƙamin ASP, wato mataimakin sufuritanda, yana kafaɗa, babu yawon neman aiki. Kiriminoloji shekara 4, ka yi bautar ƙasa, sannan ka dawo gida ka zauna jiran a buɗe fom. Kuma ranar da aka buɗe wa masu digiri, kai da wanda ya karanta tarihi da wanda ya karanta lissafi layi ɗaya za ku bi. Kwas ba ya sa wa mutum kaki. Ka jira Wudil kawai.

Hafsat: Malam Sani in ya jira bai samu ba fa? Ya rasa biyun kenan. Ni Kiriminoloji na karanta, kuma ba ɓata lokaci ba ne, ana koyar da dalilan da ke jefa mutum cikin laifi, yadda ƙara ke tafiya daga caji ofis zuwa kotu zuwa gidan gyaran hali, har da yadda ake mu'amala da wanda aka zalunta. Kuma ba 'yan sanda kaɗai ke da kaki ba, akwai Sibil Difens, shige da fice, NDLEA, mai digiri a matakin albashi na 8 yake farawa. Ɗan Bariki, tsayinka nawa? Namiji sai ya kai mita 1.67. Kana da kiredit a Turanci da lissafi? A wane mataki ka faɗi bara?

Maman Ilham: Hmm ni maganar ɗaukar aikin nan tana ƙona min rai. Ɗan yayata filinsa ya sayar ya ba wani mutum da ya ce yana da hanya a wata hukuma, har hoton takardar kama aiki ya turo masa ta WhatsApp, yau shekara biyu lambarsa a kashe, yaron yana nan yana tuƙa adaidaitar wani. Ko me za ka yi ɗana kar ka ba kowa sisi.

Ɗan Bariki: Anti Hafsat ni ba raina kwas ɗin nake ba, amma ni ɗan sanda nake son zama ba wani kakin ba. Ba ku san yadda abin yake a zuciyata ba ne.

Abban Sultan: To ka shiga a kurtu mana, shekara 18 zuwa 25 ake ɗauka da takardar sakandare, kana aiki kana digirinka a NOUN, jami'ar karatu daga gida.

Malam Sani: Kar ka soma. Mahaifinka daga nan ya fara, shekara 35 ina ya tsaya? Yaron da ya fito daga Wudil jiya shi zai sara wa. Tun ɗazu na faɗi magana ɗaya, Polac.

Hafsat: Ai yana iya yin rajista a Dutse, ya sake zana JAMB yana aji ɗaya. In Wudil ta fito ya tafi, in ba ta fito ba yana da abin riƙewa.

Ɗan Bariki: Na yi wannan tunanin Anti, amma kuɗin rajistar tumakinta biyu Inna za ta sayar, ba zan iya kallon idonta in ce na bar makarantar bayan shekara ɗaya ba. Kuma in na raba hankalina biyu duka zan faɗi, na san kaina. Malam Sani, Baba bai taɓa jin kunyar muƙaminsa ba, don Allah a bar wannan maganar.

Maman Ilham: Ka yi istihara ɗana, kuma ka zaunar da mahaifinka, shirun nan nasa akwai magana a ciki.

Hafsat: Har yanzu ba ka faɗa mana a ina ka faɗi bara ba.

Ɗan Bariki: Ranar Juma'a za a rufe rajista. Akwai wanda ya samu Polac a karo na biyu a nan?