Wai me za mu kira fatar ido ta uku ta kare?

Mai tambaya, Garwa:
Salamu alaikum. Kwikwiyon da muke kiwo don gadi, watansa 7, ya wayi gari da wata jar tsoka a lungun ido ta wajen hanci, kamar ɗan tsada. Likitan dabbobi ya ce matsalar troisième paupière ce, wato fatar ido ta uku da Faransanci. Da na dawo Baba ya ce me aka ce, na tsaya ina inda-inda. Ina Hausarta?

Wani dattijo, Marwa:
Yaro, ai yana ce. Yanar ido.

Ɗalibar likitancin dabbobi, Ngaundare:
Baba a gafarce ni, yana tana da mai ita. In ka ce yanar ido, hankalin kowa zai tafi ga farin nan da ke rufe ganin tsofaffi. Hakiya ma ciwo ce, hazbiya kuma ƙurji. Ita kuwa wannan halitta ce, kowane lafiyayyen kare yana da ita, haka mage da doki da raƙumi. Ku lura da kaza in tana lumshe ido, za ku ga wani farin abu ya gilma ta gefe. Tana share ƙura, akwai ɗan guringuntsi a cikinta, a gindinta kuma akwai abin da ke samar da kusan kashi 1 cikin 3 na hawayen idon. Shi ne ya zame ya leƙo waje a kwikwiyonka. An fi ganin haka a karnukan da ba su kai shekara 2 ba.

Mahauci, Kuseri:
To a ce belun ido mana, tunda tsoka ce ta yi tsiro.

Mai tambaya, Garwa:
A'a Malam, wannan sunan na ƙi shi. Ranar da aka ce belu, washegari wani zai ɗauko aska, don mun san abin da wanzami ke yi wa belu. Likitan kuwa ya ja min kunne: in aka yanke, idon na iya bushewa daga baya, ya riƙa kwantsa mai kauri, sai an yi ta ɗiga magani har ƙarshen ransa. Aiki ake yi a mayar da abin mazauninsa a ɗinke.

Ni abin da ya zo min shi ne labulen ido. Murfin sama da na ƙasa rufewa suke yi, ita kuwa janyowa take ta gefe, sak labulen ƙofar ɗaki.

Ɗalibar, Ngaundare:
Labulen ya zauna! Ciwon kuma, Turawa 'ya'yan itacen ƙasarsu suka kwatanta shi da su, mu ba ruwanmu da wannan. A ce gocewar jakar hawaye. Jaka ba daidai take ba ɗari bisa ɗari, tunda tatso hawayen take yi, ba ajiyewa ba, amma gocewa nake so: abin da ya goce mayar da shi ake yi, ko maɗori ya san haka.

Dattijon, Marwa:
'Yata kin kayar da ni a kan yana. Amma gocewar jakar hawaye ta yi wa bakin mafarauci tsawo. Ni gocewar labule zan ce.

Mai tambaya, Garwa:
Na gwada wa Baba duka biyun. Ta Marwa ya kama.