Duk wanda ya fita daban ya taɓu?

Kawu: Salamu alaikum. Maganar maƙwabcin nan namu ce na Tudun Wada. Wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa, ya daina zama majalisa, kuma da kunnena na ji shi yana magana shi kaɗai a zaure. Ni dai na ce ya taɓu, a kai shi asibitin Shika. Duk wanda ya bar abin da jama'a ke yi, akwai abin da ke damun kansa.

Auta: Allah ya ƙara girma Kawu, amma wannan ma'aunin ya sha cutar bayin Allah. A 1851 wani likita a Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa ciwon hankali ne ke sa bawa ya gudu daga ubangidansa. Har suna ya raɗa wa ciwon.

Inna: Ke Auta, bokon ya motsa ko? Ana maganar maƙwabci kina kawo mana bayi.

Auta: Inna, ke fa har yau ba ki taɓa kama sunan Yaya Babba ba, sai dai "wannan yaron". Baƙo daga Ingila ya gani, zai rubuta cewa uwa ba ta shaƙu da ɗanta ba. Mu mun san alkunya ce.

Inna: Za ki ci gidanku.

Yaya Babba: In don ba a saba gani ba ne, yaron da ya haddace Alƙur'ani yana shekara tara ma ba kullum ake samu ba, walima ake yi masa. Abin da masana halayya suka fi dubawa: yana wahalar da mai shi? Ya hana shi harkokinsa? Akwai haɗari gare shi ko ga wasu?

Kawu: To ai shagonsa na Sabon Gari rabin wuni yake buɗewa, kafin azahar ya ja ƙofa.

Yaya Babba: Yauwa, da wannan ya kamata a fara, Kawu. Yana cin abinci? Yana barci? In babu, ganin likita ba abin kunya ba ne.

Auta: Su kansu masanan bakinsu bai zo ɗaya ba. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, bugun 2022, ya ce sai babba ya shekara da rashin kafin a kira jimaminsa ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wata shida. Maƙwabcinmu na wata bakwai, a wane layi za a tsayar da shi?

Inna: Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Ni na fita a kan lokaci, amma sai da na shekara biyu ina zuba tuwo a kwanon mahaifinku kafin in tuna.

Kawu: Allah ya jiƙansa. Ni dai ban janye ba, maganar zauren nan ta tsaya mini.

Yaya Babba: Me yake faɗa ne wai?

Kawu: Lissafin cefane yake yi mata. Yana gaya mata mudun wake ya tashi.

Inna: Kawu, in an yi la'asar ka shiga ka zauna da shi. Zan aiko Auta da fura.