Musayar Waƙa: Wa Zai Yi Jinyar Zuciya?

Gimbiyar Alƙalami:
Assalamu alaikum. Yau ni ce da buɗi, amsa-amonmu "ya". Wanda ya karya, ya sake ɗauko baitinsa daga farko.

Na zo da kuka, 'yan'uwa,
Wani ciwo ke cin zuciya.
Wanda na ba wa amana duk,
Shi ne ya juya mini baya.
Kowa ya zo sai "yi haƙuri",
Kan in buɗe baki ya kama hanya.
Ba na musun haƙuri, amma
Shin babu mai zaman jinya?

Malam Na-Gefe:
Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Share hawayenki ki saurara,
Haka nan take, halin duniya.
Tare da tsanani akwai sauƙi,
Sau biyu ya zo, aya bin aya.
Dubi Yusufu, 'yan'uwansa
Su suka jefa shi rijiya.
Ya sha bauta, ya sha kurkuku,
Kan sharrin da aka ƙulla da ƙarya.
Ran da suka tsaya a gabansa,
Yana da iko a kansu gaba ɗaya,
"Yau babu zargi a kanku," ya ce,
Ya rufe zancen da yafiya.

Inna Mai Carbi:
Allah ya gafarta Malam, ka yi sauri. Yarinya ta ce a zauna da ita, kai kuma ka hau mumbari.

Ka tsallake mahaifin Yusufu,
Ka dira a ƙarshen tafiya.
Yaƙubu kuka ya yi ta yi,
Har ganinsa ya tafi gaba ɗaya.
'Ya'yansa suka ce zai halaka,
Ya ce Allah yake kai wa, Shi ɗaya.
Shi ne mai kyakkyawan haƙuri,
Kukan bai rage masa juriya.
Manzo da ɗansa Ibrahimu ya rasu,
Ya zub da hawaye ba kunya.
Ido na kuka, rai na ƙuna,
Harshe kuwa bai bar shiriya.
Mikin da ke da ruwa a ciki,
Rufe shi ba ya kawo lafiya.
Sai an matse shi, an wanke,
Sannan tabo ya biyo baya.

Autan Zaure:
Inna, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Bari ƙarami ya sa baki.

Sau tari mai saurin lallashi
Kansa yake wa kariya.
Sauraro nauyi ne da shi,
Shi ko ba ya son ɗaukar kaya.
An ce muminai jiki guda ne,
In gaɓa ɗaya ta ji wuya,
Sauran su kwana ba barci,
Da zazzaɓi har safiya.
Mu ko mun gama namu tausayin
Da layi biyu a cikin waya.

Malam Na-Gefe:
Auta, baitinka na ƙarshe ya ci tuta. Amma ban sauka ba tukuna.

Inna na ji bayaninki,
Sai dai ina da tambaya.
Kukan da ba a sa masa iyaka,
Ba ya rikiɗa ƙiyayya?
Na ga masu kwana da ƙulli,
Shekaru suna ta ramewa... 

A'a, na karya. Ga gyara:

Na ga masu kwana da ƙulli,
Ƙullin ya hana su dariya,
Wanda ya cuce su kuwa
Yana barcinsa lafiya.

Gimbiyar Alƙalami:

Malam, abin da nake tsoro
Bari in faɗe shi da gaskiya.
In na ce na yafe a yau,
Gobe a ce in koma baya.
In zauna da shi, in yi murmushi,
Kamar ba abin da ya faru jiya.
In haka yafiya take nufi,
To ni ban kai ba, akwai tafiya.

Inna Mai Carbi:
'Yata, wa ya ce miki haka? Ki tuna da Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira.

Da ya zo yana mai musulunta,
Manzo bai rufe masa hanya.
Bai ɗau fansar baffansa ba,
Jininsa ya samu kariya.
Sai dai ya nemi abu guda:
Ya kau da fuska, ya ja baya.
Ganin ta na tayar da ciwon,
Ko da an riga an yi yafiya.
To in mafi tausayin halitta
Ya nemi tazara don zuciya,
Wa zai tilasta miki zama
Da wanda ya yi miki ƙarya?
Ki sauke ƙullin don kanki,
Komawa kuwa sai da shawara ɗaya:
Ya gane laifi, ya gyara hali,
Ba bakin nan ba na "sai haƙuri, Yaya".

Autan Zaure:
Inna, layin ƙarshen nan ya fi zanensa tsawo, amma wa zai ce ki sake?

Gimbiyar Alƙalami:

Inna, Malam, da kai Auta,
Ku karɓi tarin godiya.
Ban ce na yafe ba tukuna,
Kar in yi wa kaina ƙarya.
Amma "Allah ya isa" da nake ja
Kullum dare har safiya,
Daga yau na ajiye ta gefe,
Zan roƙa wa kaina lafiya.
Inna, gobe zan kira ki,
Ki tanadi kunne, akwai magana mai wuya.