Ƙanena na kwana a titi a Kuwala Lumfur, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san Maleshiya ya taimaka mini da shawara.

Ƙanena ya tafi karatu, kuɗin makaranta suka gagara, bizarsa ta ƙare. Ya kama aiki a wani gidan abinci, mai gidan ya riƙe fasfonsa, daga baya ya sallame shi. Yanzu a unguwar Chow Kit yake kwana, kan kwali a bakin shaguna, abinci sai wanda masu sadaka ke rabawa da dare. Kuɗin haya ma na tura, amma masu ɗakuna sai sun ga fasfo.

Abin da ya ɗaure mini kai: wuce wa'adin biza laifi ne a dokarsu, shi kuwa tsoro yake kada ya kai kansa a tsare shi. To ofishin jakadancin Najeriya zai fara zuwa neman takardar tafiya ta gaggawa, ko hukumar shige da fice? Ana iya biyan tara ya fito ba tare da tsarewa ba? Kuɗin jirgi mun haɗa. Hajiya dai har yau ta ɗauka yana makaranta.