"Fold" da "collapse" a editan kod: ninkewa za mu ce, ko naɗewa?

Jama'a, ina neman agajin masu Hausa a baki da masu rubuta kod. Ina haɗa ɗan jagora da Hausa don masu koyon firogiramin, sai na zo wani wuri na cije. Kun san 'yar kibiyar nan da ke gefen hagu na edita, wato manhajar rubuta kod, kusa da lambobin layi, wadda in ka danna ta fankishin (gungun layukan kod mai suna da ke yin aiki guda) mai layi arba'in ya koma layi ɗaya tal, da ɗigo uku a ƙarshensa? A Notepad++ ba kibiya ba ce, ɗan akwati ne mai alamar ragewa a ciki, in ka danna ya koma alamar tarawa. VS Code da Vim suna ce wa wannan aiki "fold", Visual Studio da editocin JetBrains kuma "collapse" suka fi cewa. Mu me za mu kira shi?

Kafin a fara jefo kalmomi, ga abin da ya tayar da zancen. Makon jiya ina zaune da wani yaro da nake koya wa Python, fayil ɗinsa ya doshi layi 300. Hannunsa ya goce ya taɓa kibiyar da ke gaban layi na 12. Nan take lambobin gefe suka yi tsalle, daga 12 sai 58. Ya dafe kai ya ce, "Yaya, na goge." Kafin in buɗe baki ya danna Ctrl+Z, umarnin janye gyaran ƙarshe, har sau uku. Layukan ba su dawo ba, sai ma gyaran da ya sha wuya a kai ne ya salwanta, don edita bai ɗauki abin da ya faru a matsayin gyara ba balle ya janye shi. Na ce masa kwantar da hankalinka, "collapse" kawai ka yi. Ya duba ƙamus a wayarsa ya ga rushewa. Ai sai na ƙara wa wuta fetur.

Saboda haka sharaɗina ɗaya ne. Duk kalmar da za mu ɗauka, tilas wanda ya ji ta karon farko ya gane cewa kayansa suna nan daram. Fayil ɗin da ke ajiye bai ragu da ko harafi ɗaya ba, in ka kunna firogiram ɗin duk layukan nan 45 da ba ka gani za su yi aikinsu. Ido kawai aka sauƙaƙa wa.

Rushe da ruguza na sallame su tun a bakin ƙofa, kada wani ya wahalar da kansa.

Amsoshi sun fara shigowa, na gode. Wani ɗan'uwa ya ce, "Me zai hana mu ce ɓoye da nuna? Ai ko a editan Emacs sunan abin hideshow." Gaskiyarka ɗan'uwa, haka sunan yake, kuma kowa zai gane. Damuwata ita ce ɓoye ta riga ta yi wa kanta kaya da yawa. Akwai ɓoyayyun fayiloli, akwai ɓoye sandar gefe, akwai ɓoye kalmar sirri. Sannan abin da aka ɓoye ba a barin kansa a waje. Nan kuwa da gangan ake barin layin farko, mai ɗauke da sunan fankishin, don ka san abin da ke ƙunshe a ƙarƙashinsa. Rabin labarin ta faɗa.

Taƙaita kuma, da mutum biyu suka kawo, ƙarya za ta yi mana. In na ce wa ɗalibi taƙaita fankishin ɗin nan, zama zai yi ya rage layuka, kuma shi ke da gaskiya.

Dunƙule ta ɗan ja hankalina, har na rubuta ta a gefe. Amma in ka dunƙule abubuwa sun zama curi ɗaya ke nan, ba lalle su rabu yadda suke da ba. Ina ganin mu adana ta don ranar da za mu zo kan "squash" na Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren kod, inda da gaske ake cure gyare-gyare da yawa su koma ɗaya.

To ga babbar magana. Wani malamin Hausa da nake jin nauyinsa ya rubuto cewa: "Ɗana, kada ka yi nisa. Naɗe ita ce kalmar. Ana naɗe tabarma a jingine ta, ba ta ragu da komai ba, gobe a warware ta a shimfiɗa. Ga ta da kishiya a shirye, naɗe da warware. Me kake nema kuma?"

Allah ya ƙara basira, Malam. Wallahi sharaɗina ta cika shi, kuma ta fi duk sauran daɗin faɗa. Na kwana ina juya ta. Amma a yi mini afuwa, ina da ja guda biyu. Na farko, ita tabarma daga baki ɗaya ake kama ta a yi ta mirginawa har ƙarshe. Ba a naɗe tsakiyarta a bar kai da gindi a shimfiɗe. Abin da edita ke yi kuwa shi ne ainihin wannan: sama na nan a buɗe, ƙasa na nan a buɗe, tsakiya ce ta shige ciki, har layi na 12 ya zo ya haɗa kafaɗa da na 58. Ɗauki doguwar takarda ka karya ta sau biyu a tsakiya ka haɗa bakin karin, za ka ga hoton abin sak. Wannan kuwa ninki ne.

Na biyu, naɗe tana da wani aiki da ke jiran ta. In layi ya yi tsawo ya wuce faɗin allo, akwai umarnin da ke sa ya karyo ya ci gaba a ƙasa, wanda ake kira "word wrap", Alt+Z a VS Code. Naɗe layi ce ta fi dacewa da shi. In muka kashe ta a nan, gobe mu rasa abin cewa a can, ga su kuma duka biyun a edita ɗaya, wani lokaci a jerin umarni ɗaya.

Ina da wani mashaidi ma, ko da yake ba Bahaushe ba ne. Vim ya samu wannan fasaha a fitowarsa ta 6.0 a shekarar 2001, kuma duk umarnanta da harafin z suke farawa: zc ya rufe, zo ya buɗe, zM ya rufe duka, zR ya buɗe duka. A littafin taimakon editan, wanda mai ƙirƙirarsa, marigayi Bram Moolenaar, ya bari, an ba da dabarar tunawa, wai z ta yi kama da takardar da aka ninke in ka kalle ta daga gefe. Ka ga tun asali takarda ce a ran masu abin. Kuma abin ya girmi Vim nesa ba kusa ba, don tun shekarun 1980 kamfanin Inmos na Ingila yake da edita mai irin wannan ninki don harshensa na occam. VS Code ne ɗan baya, ya fito a 2015 babu ninki, sai a 2016 aka saka masa.

Malam ya dawo: "Na ji, kuma hujjar tsakiya ta kama ni. Amma ka manta ninka tana nufin ruɓanyawa? Masu kod kullum cikin lissafi suke. In ka ce a ninka fankishin, wani zai kwafa shi ya zama biyu."

Nan kam Malam ya kama ni a hannu, kuma ita ce matsalar gaske. Sai dai ina ganin harshen da kansa ya raba gardamar da wasalin ƙarshe. Ninka ake yi wa adadi, ninke ake yi wa kaya. Ba wanda za a ce masa ninke rigunan nan ya tafi neman ƙarin riguna. Don haka a jagoran ba zan taɓa rubuta ninka ba, ninke ce kullum, sunan aikin kuma ninkewa. Fankishin yana a ninke, ko ninkakken fankishin, jam'i ninkakku. Inda tarkon yake shi ne kalmar ninki in ta haɗu da lamba. VS Code na da umarnin ninke kod gwargwadon zurfinsa, Ctrl+K sannan Ctrl+2 misali, ya ninke duk abin da ke zurfi na biyu. In na fassara shi da ninki biyu, kowa ruɓi biyu zai ji. Sai na ce Ninke hawa na 2. Aji, wato "class", hawa na 1, fankishin ɗin da ke cikinsa hawa na 2, sharaɗin da ke cikin fankishin hawa na 3, kamar bene.

Wani ya jefo cewa ai ninke ma tana da mugun suna, tunda akan ce an ninke mutum baibai. Na yi dariya. Wanda ya taɓa gadon fayil mai layi 2,000 da aka cusa dattinsa a cikin #region, alamar da ke keɓe wani sashen kod don a ninke shi, aka rufe don ya yi kyan gani, ya san wannan ma'anar ma ba ta ɓata ba.

Abin da ya ƙara sa ninke ta kwanta mini shi ne wata kyauta da Hausa ta ba mu a ɓagas. Turanci sai ya ƙara wata doguwar kalma, "recursively", kafin ya ce a ninke fankishin tare da duk 'ya'yan da ke cikinsa da jikokinsu. Mu maimaita gaɓa kawai za mu yi: ninninke. Ninke wannan, ninninke wancan. Na gwada a kan yaron nan ban yi masa bayani ba, ya gane.

Saura kishiyar. Ni da warware na fara, sai wata 'yar'uwa mai aikin fassarar manhaja ta taka mini birki: "Yaya, a bar warware ta huta. Muna warware matsala, muna warware rikicin haɗa kod, wasu ma ita suke so a ba wa Ctrl+Z. Ka tuna abin da ya sami ɗalibinka. In maɓalli ɗaya ya ce Warware, wani ma ya ce Warware, ka mayar da shi gidan jiya." Ƙanwata, kin yi gaskiya, na janye. Baje ta yi kama da watsa kaya, shimfiɗa kuma ta naɗe ce. Buɗe ita kaɗai za ta yi karo da buɗe fayil. To a kan maɓalli mu rubuta Buɗe ninki, kalma biyu ba su kashe kowa ba, a baki kuwa in kana nuna allo da yatsa buɗe shi ta wadatar. Na duka kuma Ninke duka da Buɗe duka, wato Alt+0 da Alt+Shift+0 a Notepad++.

Ga wanda ya tambaya ko foldr da foldl na harshen Haskell ma ninkewa ne: wancan wani abu ne daban da ya ari suna ɗaya, tattara jeri ake yi ya koma ƙima guda. Kada mu ba shi ninke. Ga alama ma dunƙule ta sami aiki na biyu.

"Collapse" kuma ba sai mun nema mata tata kalmar ba. A cikin kod aiki ɗaya suke yi da "fold", bambancin kamfani ne kawai, ninke ta ɗauke su duka.

Na gwada kalmomin a jimlar da ta fi kowace muhimmanci a jagoran, wadda ni kaina sai da na ƙone hannu kafin na koye ta. A Vim, in ka tsaya a kan ninkakken layi ka danna dd da niyyar goge layi ɗaya, duk abin da ke cikin ninkin ne zai tafi. Na taɓa zubar da fankishin sukutum a haka, na adana, ban lura ba sai da gwaji ya faɗi. Ga yadda na rubuta gargaɗin: "Ninkakken layi ba layi ɗaya ba ne. Kafin ka goge ko ka yanke, buɗe ninkin ka ga abin da ke ciki." Malam ya karanta ya ce ta zauna, sai dai shi har yanzu a bakinsa naɗe zai riƙa cewa, kuma ba zan yi jayayya da shi a kan bakinsa ba.

Abin da ya rage mini shi ne ita 'yar kibiyar kanta da ɗigo ukun nan. Na sa alamar ninki na wucin gadi, amma guda biyu ne kuma aikinsu ba ɗaya ba: kibiyar ce ke ninkewa da buɗewa, ɗigon kuwa shaida ce cewa akwai kaya a ciki. Wa ke da suna biyu gajeru?